Baƙin Layi

Rashidatu da Wasiu ne suka wakilci makarantarsu a gasar haɗa mutum-mutumi. Nasu ɗan ƙarami ne mai taya huɗu, kayansa duk tsofaffi ne da suka tsinto a kasuwar Circle. Makarantar ba ta da fili mai sumul, don haka a lungun gidan su Rashidatu a unguwar Nima suke gwaji.

Ranar farko ya faɗa gota, wato kwata, ya fito yana wari. Wasiu ya wanke shi, sannan ya koya masa doka guda: in ya ga baƙi a ƙasa, ya ja da baya.

A zagayen farko na gasar an zuba shingaye a hanya, ya kauce musu duka. A na biyu sai aka shimfiɗa farin allo mai baƙin layi, aka ce kowane mutum-mutumi ya bi layin. Na sauran makarantu suka bi. Nasu ya matso, ya tsaya, ya koma baya. Aka sake ɗora shi, ya sake komawa.

Alƙaliyar gasar ta tambaya ko ya lalace.

"Lafiyarsa lau, madam," in ji Rashidatu. "A unguwarmu, baƙi a ƙasa gota ne."

Ba su ci komai ba. Da suka dawo, ta ajiye shi a bakin lungu. Ya tafi har ƙofar gida, tayarsa ko ɗaya ba ta jiƙe ba.