Sunan da Sarsan Hamani Bai Taɓa Kira Ba

A Bangi, in ka tambayi labarin Sarsan Hamani, da maganarsa za a fara maka. Makiyaya sun ce in ya tsaya gaisuwa a bakin rijiya, shanu sukan sha, su tafi kiwo, su dawo su tarar bai kai ga tambayar mutanen gida ba. Gardawan Madawa kuwa, wato dogaran barikin Bature, sun ce kumandan yakan zo ya tafi, amma teburinsa da Sarsan Hamani suna nan. Ya yi yaƙin Nasara na farko, ya dawo da muƙamin sarsan, wato saja, da lambobi a ƙirji, tun daga nan duk ranar sha ɗaya ga Nuwamba shi ake aika wa doki ya zo ya yi jawabin tunawa da sojojin da suka mutu.

Abu guda ne kowa ya san bakinsa ba ya iya faɗa. Hamani Bafillace ne, ɗansa na fari kuwa sunansa Hamidu, kuma uba mai kunya ba ya kiran sunan ɗan fari. Shi har ya wuce yadda aka saba. Hamidu mahaucin Bangi ma "mai nama" yake ce masa. Ranar da aka ɗebi samari zuwa yaƙi na biyu, ya raka su har bakin gari yana ba su labarin sanyin Faransa. Da suka juya suka kama hanya, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai!" Samari da dama suka waigo. Hamidu yana gaba, bai waigo ba. Bai kuma dawo ba.

Bayan an gama yaƙin aka kawo sabon kumandan, ya zo da sabon tsari. Mai jawabi zai kira sunayen waɗanda ba su dawo ba ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna gardawa su amsa da Faransanci cewa ya mutu saboda Faransa, a buga ganga. Bayan sunan ƙarshe a busa ƙaho. Kafin ƙahon nan babu mai zama, babu mai sauke hannu daga goshi.

A shekarar ne matarsa Mairama ta ce za ta je, ita da ba ta taɓa zuwa ba.

"Mi za ki yi can? Rana ta da tsayuwa."

"Tun da yaron nan ya tahi, kowa ya daina hwaɗin sunanai gabana," in ji ta. "Ni ban iya hwaɗi. In ji shi bakin wani ko sau guda."

Ita ta ɗauka Bature ne zai kira. Shi kuma ya ɗauka zai sami hanyar kewayewa, don bai taɓa rasa ta ba.

Aka taru gaban barikin Madawa da hantsi. Hamani ya yi jawabi har inuwar tuta ta koma ƙarƙashin sanda, sannan ya shiga sunaye. Ya san kowa da ubansa da garinsu, na Azarori, na Buza, na Keita. Kumandan ya ƙame, hannu a goshi. Ganga tana amsawa. Saura guda.

"Sai yaron gidana," in ji Hamani.

Ayuba mai fassara ya matso kusa. "Suna, Sarsan. Bature suna shika so."

"To, ɗan Mairama."

Ayuba ya juya wannan da Faransanci don kada a ga ya yi shiru. Gardawa suka amsa, aka buga ganga. Mai ƙaho ya kai ƙaho baki, amma kumandan yana ƙirge da yatsun ɗayan hannunsa, ya san akwai wani Hamidu na Bangi da ba a kira ba. Ya girgiza kai.

"Wanda ya hwaɗa rijiya shekarar hwara aka hiddo shi da igiya," in ji Hamani.

Gardawa suka amsa. Ganga.

"Mai sunan mahaucin Bangi."

Ayuba ya fassara a gaggauce, mahaucin kawai ya fito. Gardawa suka shaida cewa mahaucin Bangi ya mutu saboda Faransa. Shi kuwa yana tsaye cikin jama'a da tiren tsirensa a ka.

"Ni ina nan da raina," in ji shi a hankali. Na kusa da shi suka ce ya yi haƙuri, an riga an buga ganga.

Kumandan ya soma tambayar Ayuba ta gefen baki, yaya aka yi matattu suka ƙaru da uku ba a sanar da shi ba. Hannunsa ya gaji a goshi, amma shi ya kafa dokar. Duk filin an san sunan, ba kuwa wanda zai faɗe shi a gaban uban ya kunyata shi.

"Baba, bari in hwaɗa maka," in ji Ayuba. "Ba wanda za shi gane."

Hamani ya dube shi. "Kai ka haihe shi?"

Daga nan ya yi shiru. Mutanen Bangi ba su taɓa jin irin wannan ba, har wasu suka ɗaga duga-dugai su ga ko lafiya. Wani gardi ya zube a layi, aka bar shi nan tunda babu mai sauke hannu. Kumatun mai ƙaho sun kumbura, ya rasa ko ya haɗiye iskar ko ya riƙe. Jakin wani ya ratso tsakiyar fili, ya shinshina tuta, ya wuce.

Sai muryar Mairama ta fito daga cikin mata, ba da ƙarfi ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Maigida, na ji maganarka tun ina yarinya. Ban taɓa ce maka ka ƙara ba. Yau na ce."

Hamani ya cire jar hular soja ya riƙe a ƙirji. Bai dubi kumandan ba, hanyar da ta fita gari ya duba.

"Hamidu," ya ce.

Gardawa suka buɗe baki za su amsa, ya ɗaga musu hannu.

"Hamidu, ka yi mini gahwara. Ran da kunka tahi, kai nika kira."