Reshen da Sai-Gobe Ya Bari

Mijina direban motar kaya ne, amma a unguwarmu ba mai ce masa direba. Sai-Gobe ake kiransa, kuma ni na raɗa masa. Famfon tsakar gidanmu ya shekara yana ɗiga, in na yi magana ya ce, "Sai gobe, ranki ya daɗe." Ƙofar banɗaki da dutse muke tokare ta. Tarin da ya kashe shi ma haka muka yi. Na ce mu je asibiti, ya ce gobe. Da goben ta zo, a kwance aka kai shi.

Abu ɗaya na san ya fara ya gama, shi ne bishiyar faranjifanin da ya dasa a gidan da muke haya. Daga wata tafiya ya kawo reshenta muna sabon aure. Ta girma ta yi rassa masu kauri, ga farin fure mai ruwan ɗorawa a tsakiya, in yamma ta yi, ƙamshi har bakin titi. In ka karya reshe sai farin ruwa ya tsatso kamar madara. A ƙarƙashinta yake shimfiɗa tabarma ya kwanta yana sauraron famfon da bai gyara ba.

Kafin ciwon ya kwantar da shi, mai gidan hayar ya ce zai gina shaguna a gaba, bishiyar dole ta tafi. Ran nan Sai-Gobe ya ɗauki wuƙata ta kicin ya yanko rassa uku, kowanne kamar tsawon damtsena. Ya tsige ganyen, ya ɗora su a saman kabad, ya koma tabarmarsa.

Na ce, "Ba dasawa za ka yi ba?"

Ya ce, "Sai bakin yankan ya bushe. In aka sa shi a ƙasa da ɗanyen ciwo, ruɓewa yake yi. Kuma ba ya son ruwa da yawa."

"Famfon ma ciwonsa kake jira ya bushe?"

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa ban ɗauki maganar bakin komai ba. Mutumin da ya taɓa ce mini ƙofa ma tana bukatar hutu, wane dalili ne ba zai samo ba?

Da ya rasu, mai gidan hayar ya zo gaisuwa, tef ɗin awo na leƙowa daga aljihunsa. Ba mu haihu ba, don haka Yayana ya ce in tattara in koma gidansa. Ranar da masu saran bishiyar suka zo, na riga su. Na zaɓi rassa masu ƙiba da ganye shar na yanko, madarar na ɗiga a zanena. Na saman kabad kuwa sun yamushe kamar yatsun tsohuwa. Na watsa su cikin kwalin tarkacensa, tare da sifanun motarsa da rediyon da zai gyara gobe.

A gidan Yaya ko kaya ban kwance ba na nemi bokitan fenti, na cika su da baƙar ƙasa da taki, na dasa a take. Na ce a raina, yau dai za a yi abu a kan lokaci. Safe ruwa, yamma ruwa. In kewarsa ta taso mini da rana, sai in ƙara wani. Na ja bokitan inuwa kada rana ta taɓa su.

Matar Yaya tana wanki tana kallona. Ta ce, "Ƙanwata, shinkafa kike nomawa?"

Na ce, "Ke dai yi wankinki. Ni ba zan yi musu sai gobe ba."

Ganyen ya fara zuba, na ce gajiyar hanya ce. Wata safiya na matsa gindin ɗaya, yatsana ya lume kamar cikin ayabar da ta wuce nuna. Na ciro shi, baƙi ƙirin, yana wari. Sauran ma haka, ɗaya bayan ɗaya. Ko saiwa guda babu.

Na yafa mayafi na koma tsohon gidanmu, ko kututturen ya yi toho. An zuba siminti a wurin. Shagon da aka gina a kai kuwa kayan famfo ake sayarwa a ciki. Na tsaya ina kallon kawunan famfo sababbi fil a rataye, har mai shagon ya ce, "Baiwar Allah, wanne za a ba ki?"

Ban yi kuka sosai ranar da ya rasu ba, amma ran nan na yi. Yaya ya ce, "Haba ke kuwa, itace ne fa." Na ce na sani. Sai can na tuna da kwalin. Na zazzage shi a tsakar ɗaki. Ga sifanu, ga rediyo, ba rassa.

Na fito na ce, "Matar Yaya, wasu busassun ƙirare a kwalin nan, kin gani?"

"Au, na mijinki ne? Biyu na tura a murhu. Ko ci ba su yi ba, hayaƙi kawai suka cika mini ido. Halin mai su."

"Na ukun fa?"

"Yana bayan gida. Ƙofar akurkin kaji na tokare da shi."

Akurkin yana jikin tulin yashin da Yaya ya sauke tun zuwana zai yi mini ɗaki. Nan ta soke reshen, a tsakiyar rana, ba ruwa ba taki, kaji na bi ta kansa. A samansa ga wasu 'yan ganye ja-ja sun leƙo kamar faratan kyanwa. Na ɗan ja shi a hankali, na ji ƙasa ta riƙe.

Ban san lokacin da na ciko buta ba. Matar Yaya ta riƙe mini hannu.

"Kin gama da na bokiti, saura wannan? Wallahi kika ɗiga masa, ni da ke ne."

"Ƙishirwa fa yake ji!"

"Ya gaya miki?"

Yanzu reshen ya kai ƙuguna. Dutse muka samo wa ƙofar akurkin, ɗakin da Yaya zai gina kuma na ce ya bar shi tukuna, bai yi mini gardama ba. Kullum da safe sai na ciko buta na je na tsaya a kansa. In tura yatsa cikin yashin, in ji da sauran danshi. In ce masa, "Sai gobe, ranka ya daɗe." Sai in juye wa kaji.