Baƙon Sodangi

"Ja tagar nan, Malam Sha'aibu, hasken ya yi yawa," in ji Sodangi daga kan katifarsa.

Sha'aibu ya ja tagar, ɗakin ya yi duhu ko da yake ba a daɗe da sallame azahar ba. Kaset ɗin bidiyo na hannunsa, ya rasa inda zai sa kansa. Wata takwas da suka wuce, da aka ƙaddamar da Shari'a, yana cikin waɗanda suka zagaya Kaura Namoda suna rufe gidajen kallo. Na Sodangi, can bakin tasha, da hannunsa ya danna masa kwaɗo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, amma tun ranar sai gaisuwa daga nesa. Yau da safe Rekiya, matar Sodangi, ta leƙo ta ce tsohon ya kwana uku ko kunu bai sha ba, kuma sunansa yake ta kira.

"Baba Sodangi, da dai karatu na ƙara yi maka."

"Ka yi tun hantsi, Allah shi saka. Yanzu sa man wanga. Babu rawa ciki, babu waƙa. Sama ta kawai."

Shekara talatin Sodangi ya yi yana haska fim, tun zamanin majigi. Jama'a finafinan Indiya suke so da na faɗa. Shi kuwa ransa na ga tsofaffin finafinan sararin samaniya, waɗanda in ya sa, benci ke watsewa ya rage shi kaɗai.

Sha'aibu ya tura kaset ɗin. Hoton ya koɗe, yana rawa. Wani haske ya sauko bisa tabki ba ƙara ko kaɗan. Daga cikinsa wasu dogayen halittu uku suka fito, suka tsaya bakin ruwa. Mutanen garin suka kwashi 'ya'yansu suna gudu, wasu suna neman bindigogi. Halittun ba su motsa ba.

"Ka gani?" in ji Sodangi, muryarsa can ƙasa. "Abin da nika so ke nan ga irin waɗanga. Baƙo ya keto duhun da ba shi da iyaka, ya iso, kuma ba shi kutsawa. Tsayawa shikai har ka gama tsoronka."

Sai a lokacin Sha'aibu ya lura tsohon ba talabijin yake kallo ba. Idanunsa na kan kusurwar ɗaki, daidai bayan Sha'aibu, wurin da babu komai sai buta da tabarma a jingine.

"Tun shekaranjiya nan ma akwai mai jira," in ji Sodangi. "Kada ka waiwaya. Ba wurinka ya zo ba."

Sha'aibu ya ji wani sanyi a ƙeyarsa, kamar an buɗe ƙofa a bayansa. Kajin da ke tsakar gida sun yi tsit. Bai waiwaya ba.

"Baba, zancen kwaɗon nan…"

"Na yahe tun tuni. Ai shi ya sa kai nik kira. Rekiya kuka za ta yi, kai ko za ka iya tsayawa."

A cikin fim ɗin wani tsohon masunci ya ajiye tarunsa, ya nufi bakin ruwa shi kaɗai. Sha'aibu ya matsa ya riƙe hannun Sodangi, ya fara kalmar shahada a hankali. Leɓun tsohon suka bi shi, sau ɗaya, sau biyu. A na uku Sha'aibu ya ji muryarsa ce kaɗai. Ya shafe masa idanu, ya kashe talabijin, sannan ya juya. Buta da tabarma suna nan yadda suke.

Bayan la'asar aka kai shi. Da jama'a suka watse, Sha'aibu ya tsaya yana jera ƙaya bisa kabarin. Can gefen maƙabarta wani Bafillace ya tsaya da garkensa, ya sagale sanda a kafaɗa. Shanun duk sun bar kiwo, sun ɗaga kai wuri guda, gabas, inda ko gajimare babu. Sha'aibu ya karkaɗe hannuwansa, shi ma ya ɗaga kai.