Agogon Oga Thaddeus

"Kar ka cire wannan!" Christiana ta ce, daidai lokacin da hannun Zacharias ya kai ga soket.

Zacharias, ƙanen mamacin, ya tsaya da caja a hannu. Wayarsa ta mutu tun a hanyar Kafanchan, ga dangi suna jiran a gaya musu ranar jana'iza. Ya dubi kwamfutar da ke kan tebur, ya dubi matar yayansa, ya fita neman soket a wani ɗaki.

"Vivian, zo ki karanta mini abin nan."

Vivian ta so a ce ba ita aka kira ba. Amma ɗakinta ne ke jikin nasu a wannan gidan haya na bayan tashar Jabi, kuma tunda tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Sheda, duk wani abu mai maɓalli a gidan ita ake nema. Ta ajiye bokitin ruwan da ta ɗebo wa masu zaman makoki, ta shiga.

Shekara shida Oga Thaddeus, mijin Christiana, yana aiki daga wannan ɗaki, yana kula da shafukan intanet na wasu makarantu. Ba wanda ya ce masa ya ƙirga awoyinsa, shi ya ɗora wa kansa. Ya haɗa wata 'yar manhaja, ba hoto ba kala, baƙin allo kawai da farin rubutu. In ya zauna ya rubuta "fara", agogo ya soma tafiya. In zai tashi ya rubuta "tsaya", ya ƙara dalili. Shan ruwa, tsaya. Bayi, tsaya. Ranar da fasto ya zo gaisuwa ma sai da ya rubuta kafin ya miƙa masa hannu. Ya ƙara wa lambobin girma yadda za a hango su ta taga, ya kuma koya wa gidan duka cewa in agogo na tafiya ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa. An yi ta masa dariya, amma an bi dokar.

Jiya Christiana ta je Abaji saro doya. Ta dawo biyar da rabi ta same shi a ƙasa, tsakanin tebur da gado, yana numfashi sama-sama. Ya cika a cikin tasi kafin su kai asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya ce da an kawo shi da wuri, bai ƙarasa ba.

"Biyar saura na sauka a park," Christiana ta ce. Muryarta ta dushe. "Na tsaya surutu da wani mata, kusan minti arba'in. Surutun banza fa. In lokacin ne ya faɗi, ni na kashe shi. Duba mini, please. Shi ba ya tashi bai rubuta ba."

Vivian ta ja kujerar gefe, ba ta yarda ta zauna a tasa ba. Agogon yana nan yana tafiya, ya wuce awa ashirin da biyar. Ta buɗe rubutun jiya, ta karanta a hankali.

"Bakwai da rabi, fara. Takwas da minti ashirin, tsaya, shayi. Tara saura, fara. Tara da minti goma, tsaya, kai na ciwo, magani. Tara da ashirin da biyar, fara."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Anti."

"To yaushe ya faɗi?"

Allon bai faɗa ba, kuma Vivian za ta iya cewa haka ba tare da ta yi ƙarya ba. Christiana za ta ɗauki minti arba'in ɗinta ta tafi da su ƙauye, ta zauna da su har tsufa. Ba wanda ya ga Vivian jiya. Sha ɗaya na safe, ranar hutunta, ta zo mayar da dutsen gugar da ta ara. Ta leƙa ta taga, ta ga agogo yana tafiya, ta ga kujera ba kowa. Ta ce a ranta ya zaga ne, ta juya tana sanɗa don kar ta dame shi. Sai da aka fito da shi da yamma ta tuna cewa a shekara shida ba ta taɓa ganin kujerar nan ba kowa agogo na tafiya ba. Tsoro take ji yanzu, da kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba.

"Ba lokacin da kike tasha ba ne," ta ce. "Tun safe ne. Na zo sha ɗaya, na leƙa. Ba ya kan kujera."

Christiana ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallonta, kamar mai duba farashin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe.

"Sha ɗaya."

"Eh, Anti."

"Ba ki yi knocking ba."

"Agogo na tafiya."

A tsakar gida matan zumunta na coci sun iso, an ji ana jan benci, wata ta ɗauko waƙa sauran suka amsa. Christiana ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta.

"Mata sun zo. Ɗauko tabarma."

Vivian ta ɗauko, ta shimfiɗa a inuwar katanga. Christiana ta zauna a bakin tabarmar, matan suka zagaye ta, ba a bar wuri ba ko na zaman mutum ɗaya. Vivian ta tsaya a rana, hannuwanta a baya. Har aka gama baiti na biyu Christiana ba ta dube ta ba. Sannan, idonta na kan mai ba da waƙa, ta janye bakin zaninta, ta matsa kaɗan.