Sanata Ya Sauka a Gidan Uwaisu

Duk wanda ya san siyasar Dutse ya san Alhaji Jaji ne ya fara kawo sunan Sanata Bubayero garin. A lokacin, in ka ce wannan Sanatan zai nemi shugabancin ƙasa, dariya za a yi maka. Alhaji Jaji ɗan kasuwar riɗi ne, mutumin Taura mazaunin Yalwawa. A wurin wani ɗaurin aure suka haɗu da Sanatan, hira ta yi daɗi, mutumin ya kwanta masa a rai. Daga nan ya ɗauki tafiyar ya ɗora wa kansa. Shagon ƙofar gidansa ya koma ofis, motar da yake ɗaukar buhuna ta koma ta kamfe, ya bi kasuwannin ƙauye yana tallar mutumin da babu wanda ya taɓa gani ido da ido. Har laƙabi aka sa masa don tsokana, Jajin Bubayero, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Cikin masu tsokanar babu kamar Uwaisu. Ɗan garinsu ne, ƙane a shekaru, kuma Alhaji Jaji ne ya fara kai shi ofishin jam'iyya aka yankar masa kati. Sai dai Uwaisu akwai baki, akwai fara'a, ya iya karya hula, ya iya magana a rediyo. Bai daɗe ba ya tara jama'arsa, ya gina gida a Takur, ya zama idon Injiniya Nata'ala a jihar, wato babban abokin karawar Sanata a neman tikitin jam'iyyar. Ya taɓa cewa a rediyo wai tafiyar Bubayero mota ce ba taya, ga direbanta can a Yalwawa yana ta murza sitiyari. An daɗe ana maimaita maganar a majalisu.

Da zaɓen fid da gwani ya matso, sai al'amura suka juya. Wasu manyan jam'iyya suka fito suka mara wa Sanata baya, ƙungiyoyi suka biyo sahu, kowace safiya da sabon wanda ya yi mubaya'a. Wayar Alhaji Jaji ta daina hutawa. Mutanen da a da suke ɗaga masa hannu daga nesa yanzu har ƙasa suke gaishe shi.

Yana cikin wannan daɗi, wata rana da hantsi maƙwabcinsa Dominic ya leƙo ofis. Dominic tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya zo Dutse tun ana kafa jiha, da ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu. Shi ya buga wa Alhaji Jaji fastocin Sanata na farko.

"Alhaji, ka ji labari kuwa?" in ji Dominic. "Yaran Uwaisu sun kawo mini aiki yanzu. Hotonsa da na Sanatanka, kafaɗa da kafaɗa."

"Wane Uwaisun?"

"Naka na Takur. Ya bar Injiniya. An ce da daliget ɗinsa duka ya taho."

Alhaji Jaji ya yi dariya, ya ce ai nasara ce, tafiya ta karɓu. Amma da Dominic ya nuna masa hoton a waya, dariyar ta tsaya. Sanata ya dafa kafaɗar Uwaisu, suna murmushi kamar 'yan uwa ɗaya. A Abuja aka ɗauka, a falon da shi Alhaji Jaji ya sha zama, kuma babu wanda ya kira shi ya ce ga abin da ake ciki.

Ba a jima ba aka sanar cewa Sanata zai zo Dutse neman goyon bayan daliget. Alhaji Jaji bai tambayi inda za a sauke shi ba, don a ganinsa babu abin tambaya. Ya sa aka sake wa gida fenti, aka kafa rumfuna, aka yanka raguna. Matarsa, Hajiya Rabi'atu, ta gayyato matan unguwa, aka tashi da suyar waina da funkaso, ga miyar taushe, ga damammiyar fura a manyan ƙwarya.

A filin jirgi Sanata ya rungume shi, ya ce, "Jajina, kana nan lafiya?" Ran Alhaji Jaji ya yi fari. Ya bi shi har bakin mota, yana shirin shiga, sai wani mai baƙar kwat ya tare shi da ladabi, ya nuna masa mota ta uku. Yana kallo aka buɗe wa Uwaisu ƙofa, ya tattara babbar rigarsa ya zauna kusa da Sanata. Da ayarin ya shigo gari, maimakon ya miƙe Yalwawa sai ya karya kwana ya nufi Takur.

A gidan Uwaisu aka yi taron. Sanata ya karɓi lasifika, ya daɗe yana yabon mai masauki. Ya ce jarumi ne, ya ce zuwansa ya sa yau ya tabbata Jigawa tasa ce. Can wajen ƙarshe idonsa ya faɗa kan Alhaji Jaji a layi na biyu.

"Shi kuwa Alhaji Jaji ba sai na ce komai ba," in ji shi. "Ɗan gida ne. Ko na zo ko ban zo ba, yana nan."

Aka tafa. Shi ma ya tafa, har da ɗaga hannu. An ce za a biya ta Yalwawa kafin a wuce, amma aka daɗe wurin cin abinci, aka ce jirgi ba zai jira ba. Da la'asar Hajiya Rabi'atu ta zuzzuba wainar da miyar a kwanuka aka rarraba wa maƙwabta.

Tun daga ranar Uwaisu ya zauna wa Alhaji Jaji a ƙirji. In ya buɗe waya, hotunan taron yake nema, ya ja su da yatsu ya ƙura wa fuskar Uwaisu ido, ya duba inda hannun Sanata yake. In ya kunna rediyo ya ji muryarsa, sai ya kashe, can kuma ya sake kunnawa don kada wani abu ya wuce shi. Ya ji Uwaisu yana ba da labarin kirkin Sanata, yadda ba ya cin abinci sai direbansa ya ci, kuma wannan labari daga bakin Alhaji Jajin Uwaisu ya fara jin sa, lokacin da yake yi masa dariya. Ya lura har hular da Uwaisu yake sawa yanzu irin ta Sanata ce. 'Yan ofishinsa suka fara raguwa, sai a ce an gan su a Takur.

"Alhaji, ka rage cin abinci," in ji Hajiya Rabi'atu wata rana. "Sanatan nan bai yi maka laifin da za ka rame a kansa ba."

"Ni ba Sanata ne damuwata ba. Tafiyar nake tausaya wa. Yaron nan ba don Allah ya zo ba."

"To in ba don Allah ya zo ba, ai ƙuri'arsa dai za a ƙirga. Ba ka ce so kake mutuminka ya ci ba?"

"Ina so."

"Amma ba ta hannun Uwaisu ba."

Ya dube ta, ya ture kwanon ya fita.

Mutanen Injiniya Nata'ala sun san inda ke ciwo. Suka fara zuwa gaisuwa, ba su ce komai ba, sai jajen yadda aka yi asarar girki. Daga baya Injiniya da kansa ya kira. Ya ce masa "Ranka ya daɗe," ya ce ya daɗe yana mamakin yadda mutum ɗaya ya gina tafiya a jiha guda, ya ce shi a wurinsa dattijo irin wannan ba a layi na biyu yake zama ba. Alhaji Jaji ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba.

Dominic ya yi ƙoƙarin tare shi. "Alhaji, na ga gwamnatoci sun zo sun wuce a garin nan. Manyan nan in sun rufe ƙofa shiryawa suke. Kada ka bar abin da ka gina saboda mutum ɗaya."

"Oga Dominic, ni ma so nake a zo a roƙe ni," in ji shi. Bai san maganar za ta fito haka ba.

Ranar da ya bayyana sauya sheƙarsa, Yalwawa ta cika. Injiniya ya zo har gida, ya zauna a kan dardumarsa, ya ci wainar Hajiya Rabi'atu ya yaba. Aka sa Alhaji Jaji a motar Injiniya suka zaga gari. Da yamma wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan Sanata Bubayero. Ya ajiye ta a kan gwiwarsa yana kallon sunan har ta katse. Ta sake ƙara, ya sake kallo. Rabon da ya ji daɗi irin na wannan lokacin har ya manta. Sai dai da ya tambayi wani yadda Uwaisu ya ji da labarin, aka ce masa cewa ya yi, "Allah ya ba Yaya Alhaji sa'a," ya ci gaba da abin da yake. Wannan ta rage masa daɗin.

Aka tafi Abuja babban taro. Alhaji Jaji ya zauna a rumfar daliget ɗin Jigawa, da hular Injiniya a kansa, Uwaisu da jama'arsa suna ɗaya gefen. Aka fara kiran 'yan takara ɗaya bayan ɗaya su yi jawabi kafin a jefa ƙuri'a. Da Injiniya Nata'ala ya hau, Alhaji Jaji ya miƙe tare da mutanensa suna ɗaga hannu. Injiniya ya gode wa kowa, ya yi maganar haɗin kan jam'iyya, ya yi maganar shawarar dattawa. Tun daga nan Alhaji Jaji ya sauke hannunsa. Sai kuwa ya ji Injiniya ya ce, saboda haka ya janye wa ɗan'uwansa Sanata Bubayero, kuma yana roƙon duk magoya bayansa su zaɓe shi.

Filin ya ɗauka. Sanata ya hau dandamali suka rungumi juna. Alhaji Jaji ya koma ya zauna a hankali, ya zare hular ya cusa a aljihu. Bai ankara ba ya ga Uwaisu a gabansa, ya ɗan rusuna, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Yaya Alhaji, barka da dawowa. Dama mun san ba nisa ka yi ba."

Babu izgili a fuskarsa. Alhaji Jaji ya duba da kyau, ya so ya gani, bai gani ba. Da layi ya zo kansa ya jefa wa Sanata ƙuri'arsa, Sanata kuma ya ci da rata mai yawa. Wannan ce ranar da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya nuna masa, ga ta ta zo, amma Uwaisu aka ɗaga sama a rumfar Jigawa ana yi masa kirari.

Bayan an dawo Dutse aka naɗa Uwaisu shugaban kamfe na jiha. Bai aiko ba, da ƙafarsa ya zo Yalwawa, ya cire takalmi a bakin zaure ya zauna a ƙasa.

"Mai girma Sanata ya ji zafin abin da ya faru, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Amma na ce masa, ranka ya daɗe, in ba don Yaya Alhaji ba da ni kaina ban san hanyar ofishin jam'iyya ba. Na roƙe shi, ya haƙura. Ya ce a ba ka Taura ka riƙe."

"Kai ka roƙar mini?"

"Ai ba komai ba ne, Yaya."

Da zagi Uwaisu ya zo da shi, da Alhaji Jaji ya san abin da zai yi. Ya ce ya gode, ya ce Allah ya bar zumunci, ya raka shi har mota, ya tsaya yana kallon motar, sabuwa fil, har ta sha kwana.

Ya karɓi Taura, kuma bai yi wa aikin riƙon wasa ba. Ya bar riɗi a hannun yaransa na kasuwa, ya koma bin ƙauyuka, gona-gona, majalisa-majalisa. Ya ƙudura a ransa sai Taura ta kawo ƙuri'ar da ta fi ta ko'ina, har Sanata ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Hajiya Rabi'atu takan haɗa masa fura a kula.

Wata ranar kasuwa, a wani ƙauye bayan Taura, ya tsaya a rumfar masu awaki yana yi wa manoma bayani. Wani dattijo da ke riƙe da igiyar akuyarsa ya saurare shi sosai, ya gyaɗa kai.

"Mun ji, kuma za mu yi," in ji dattijon. "Dama mutumin Uwaisu ne, ai ba za mu ba shi kunya ba. Alhaji, ashe kai ma cikin mutanen Uwaisun kake?"

Alhaji Jaji ya buɗe baki, ya ga idanun mutane a kansa, kuma ya san kowannensu ƙuri'a ce. Ya haɗiye abin da ya taso masa.

"Tare muke, Baba," in ji shi.

Ya ƙarasa bayaninsa, ya bi su ɗaya-ɗaya ya yi musabaha, ya wuce rumfar masu hatsi. A hanyar komawa Dutse direbansa ya miƙa hannu zai kunna rediyo, don lokacin shirin siyasa ya yi. Alhaji Jaji ya ce ya bari. Sun ɗan yi tafiya, sai ya ce ya kunna, amma ya rage murya.