Tocilar Mai Yasar Rijiya

Mijina yasar rijiya yake yi. Daga Kurfi har ƙauyukan da ke kewaye da ita, in rijiya ta cika da laka ko ruwanta ya ja baya, Sodangi ake nema. Ni kuwa duk ranar da zai shiga, ko koko ba ya wuce mani maƙogwaro sai na ji sallamarshi a zaure. Shekara talatin ina wannan zullumi, kuma ban saba ba.

Abin da ya ƙara mani tsoro, idonshi ya fara rauni. Ba zai yarda ba, kun dai san maza. Akwai bazarar da ya taka fasasshen tulu a ƙasan wata rijiya a Kutawa, ya yi wata guda yana ɗingishi. Na tambaye shi yadda aka yi bai gani ba, ya ce mani wai tulun ne ya zo ya same shi. Duk hasken da yake da shi a can ƙasa wata 'yar aci-balbal ce ta gwangwani, baƙa ƙirin, gadon babanshi, wadda ake zurawa cikin guga kafin ya sauka. Na tsani fitilar nan. Ko ƙwarya ba ka gani da ita, balle fasasshen tulu.

A shekarar da ake aikin madatsar ruwa ta Zobe, na kai daddawata kasuwar Dutsin-Ma, na biya shagon Cornelius. Mutumin kudu ne, yana sayar da rediyo da batir da tocila, matarshi kuma ba ta sayen daddawar kowa sai tawa.

"Baban Kezia, tocila nake so, ta aiki, mai sauƙin kuɗi."

"Mama, wane irin aiki?"

Na faɗa mashi. Ya ɗauko wata doguwa mai batir huɗu, na ɗaga ta na ajiye. Wannan ai taɓarya ce, in ta suɓuce mashi a rijiya ƙafar da ta rage za ta karya. Ya nuno mani ta roba, ja, mai kyau kamar kayan amarya, na ƙwanƙwasa ta da farce na ji ba ta da ƙwari. Sai ya fito da fitilar maharba, irin wadda ake ɗaurawa a goshi, ya ce amma ita harshen wuta take fitarwa.

"Wuta a goshin mijina? Mayar da abarka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. A ƙarshe muka tsaya kan wata 'yar ƙarama ta ƙarfe mai batir biyu. Ya ce matsalarta ɗaya, mai yasa hannu biyu yake buƙata. Ya shiga bayan shago ya yanko robar tsohon tif na keke, ya ɗaure tocilar a jiki, ya ce in gwada. Na ɗaura a kan ɗankwalina, tocilar ta kwanta bisa kunnena, duk inda na juya haske ya bi ni. Matarshi ta leƙo ta ganni, ta koma ciki tana ƙyaƙyatawa. Ban damu ba, raina fari tas.

Malam ya karɓi tocila kamar an ba shi doki. Ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe, ya leƙa cikin randa da ita, ya leƙa rumbu, har bakin akuya ya buɗe ya haska. Na ce ya bari kar batir ya ƙare, ya ce ai gwaji yake yi. Ni kuma na ɗauke aci-balbal ɗin na cusa ta ƙarƙashin gado.

Bayan kwana biyu aka kira shi Barkiya, wata rijiya da aka rufe da itace tun damina biyu. Da hantsi ya haɗa igiya da guga da sangwamin haƙa, sai na ga yana ta dube-dube.

"Ina 'yar fitilata?"

"Me za ka yi da ita, Malam? Ko tawa ba ta yi maka ba?"

Ya tsaya yana kallona. Na ɓata rai da gangan, don na san ba ya iya jure wannan. Ya yi murmushi ya ce ta yi mana, ya rataya igiya ya fita. Ranar ce ta farko da na ci abinci yana cikin rijiya, har da ƙari.

Azahar ba ta yi ba na ji hayaniya a ƙofar gida. Amalanken shanu ne, Malam na kwance a ciki, jikinshi duk laka, leɓɓanshi sun yi toka-toka. Ƙanenshi Mamuda, wanda ke riƙe mashi igiya tun suna samari, shi ya sungumo shi ya shimfiɗe a inuwar itacen bedi. Na durƙusa na kai kunnena ƙirjinshi. Yana numfashi, amma da ƙyar.

Mamuda bai taɓa ɗaga mani murya ba sai ranar.

"Yaya, ke kika hana shi fitila? Fitilar nan ba don gani ake zura ta ba. Rijiyar da ta daɗe a rufe iskarta lalacewa take yi. In fitila ta mutu a ƙasa, mutum ba ya shiga, sai a yi ta zura ganye ana jawowa har iska ta sake. Tocila kuwa ko a kabari ci za ta yi."

Wallahi ban sani ba. Shekara talatin ba wanda ya taɓa gaya mani, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na ce to me ya hana su aron wata a Barkiya? Ya ce ya faɗa ma Malam, ya ƙi. Mutane sun taru suna kallon abin da ke goshinshi, shi kuma yana ta nuna masu yana cewa mai ɗakinshi ta sayo mashi daga Dutsin-Ma. Wai in ya nemi aci-balbal a gabansu, za a ce kyautar ba ta da amfani. Da ya isa ƙasa Mamuda na ganin haske yana yawo, can sai hasken ya tsaya wuri guda a jikin bango. Nan suka ja igiyar da ke ƙugunshi su biyar.

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Tocilar na nan a kanshi, har lokacin tana ci da rana tsaka. Na kai hannu na fizge ta, niyyata in jefa ta masai kowa ya huta. Sai na ji an riƙe mani zane.

Malam ya buɗe ido. Muryarshi ta dishe, sai da na sunkuya.

"Na ga idon ruwan," in ji shi. "Inda yake tsattsafowa. Tun da nake shiga da hannu nake lalubenshi, yau na gan shi. Fari ne, yashi na rawa a ciki."

Na ce ya yi shiru, na kusa kashe shi, me ya sa bai gaya mani ba da safe. Ina faɗa ina kuka, ga maza tsaye, ban ko ja mayafi ba.

Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "mai ɗaki". Ranar, a gaban ƙanenshi da mutanen Barkiya, ya miƙo hannu.

"Lauratu, ba ni abata."

Na ba shi.