Ranar da Nwadiuto Ta Ƙi Sayar da Lemo

Liyatu akawu ce a wata ma'aikata a Jimeta. Tun da aka ƙara mata girma aka ba ta ofis mai sanyi, ƙafarta ta rabu da ƙasa. Keke napep ke ɗauko ta daga ƙofar gidanta a Makama, shi ke mai da ita. Karin kumallonta fanke da lemon kwalba, da rana indomi da soyayyen ƙwai, da wani lemon a kai. Duk a shagon Nwadiuto take saye, wata 'yar Ibo mai tireda a gefen ofis. Jiki ya yi ta buɗewa, mutane na cewa hutu ne ya karɓe ta.

Wata Lahadi 'yan zumuntar mata suka tashi rawa a coci. Liyatu ce mai ba da waƙa. Ba ta kai baiti na biyu ba numfashi ya gagare ta, sai riƙe ta aka yi zuwa benci. Likita ya ce ƙiba ce ta jawo mata hawan jini, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Ya ce ta rage zaƙi da maiƙo, ta riƙa motsa jiki.

Ran Litinin ta tsaya a shago kamar kullum.

"Ba ni mai sanyi."

"Babu, Adda," in ji Nwadiuto da Hausarta ta 'yan koyo.

"Ga su can cike da firij!"

"Na wasu ne. Na ji abin da ya faru a coci. Mamana haka ya fara, suga ya cinye ƙafansa. Abeg, ka yi fushi da ni, amma ba da hannuna ba."

Liyatu ta tafi ranta a ɓace, ta kwana biyu tana saye a wani shago. Amma maganar ƙafar nan ta ƙi barin ta. Wata Asabar da safe ta ɗaura ɗankwali ta taka zuwa Mbamba, inda gonar goggonta Edna take. Ta isa tana haki. Goggo Edna ta miƙa mata ruwa, sannan ta nuna mata kunyar kuɓewa ta ce ta tsinka.

Asabar ta zama ta gona. Ta koma tuwon dawa kaɗan da miyar ganye, tana sauka daga keke tun kafin ofis ta ƙarasa a ƙafa. Ba ta zama siririya ba, amma kafin damina ta fita likita ya rage mata magani.

Ta cika kwando da rama da kuɓewa ta kai shagon Nwadiuto.

"'Yar'uwata, kin ƙi cinikina, kin ceci raina. Allah ya saka."

Nwadiuto ta share ido da gefen zani.

"Adda, ni ma zama ya yi mini yawa a nan. Asabar ka jira ni."